Sharhina kan yawon kwana ɗaya a Katak, garin ya yi amma ɗan jagoran namu sai a hankali

Wata na bakwai kenan ina karatu a Bhubaneswar, babban birnin jihar Odisha a Indiya, amma ban taɓa leƙa Katak ba sai cikin Fabrairun nan, alhali tsakaninsu bai fi kilomita 30 ba. A tikiti da allon hanya Cuttack za ka ga an rubuta, su kuma mutanen garin Katak suke cewa, asalin kalmar wai sansanin mayaƙa. Ni da wani abokina muka haɗa kuɗi muka biya wani kamfanin yawon buɗe ido da muka gani a intanet, mota da direba da ɗan jagora da abincin rana, daga 8 na safe zuwa magariba. Ba zan faɗi sunansu ba, abun da na gani dai zan faɗa.

Sun zo tara saura, wannan ban riƙe su da shi ba. Motar fes, AC na aiki, direban dattijo ne marar hayaniya. Shi ne ma ya tsaya mana a Pahala, wani waje a bakin babban titi da shaguna suka jeru reras ba abun da suke sayarwa sai kayan zaƙi iri biyu, rasgola (curin cuku cikin ruwan suga) da chhena poda. Rasgolar nan ba irin farar ta gwangwani bace, launinta ya ɗan yi ƙasa-ƙasa kuma da ɗuminta ake baka, tana narkewa a baki. Chhena poda kuwa cuku ne da suga aka gasa har bayansa ya ƙone kaɗan. Ba ya cikin tsarin tafiyar, kyautar direba ce.

Kana hawa gadar Kathajodi za ka gane yadda garin yake, wani siririn tudu ne da koguna biyu suka sa a tsakiya, Mahanadi ta arewa Kathajodi ta kudu. Yanzu rani ne, rairayi ne shimfiɗe iya ganinka sai ɗan ruwa yana bin gefe, ga masu wanki ga ɓaunayen gida suna kwance a ciki. A bakin Kathajodin akwai tsohuwar katangar dutse da aka yi don tare ambaliya, ana danganta ta da sarki Markata Keshari tun ƙarni na 11, shi garin kansa ana cewa a 989 aka kafa shi, kuma shi ne babban birnin Odisha har zuwa 1948 da aka koma Bhubaneswar. Nace a tsaya mu ga katangar, ɗan jagora yace ba lokaci. To ku riƙe wannan "ba lokaci" ɗin.

Ganuwar Barabati aka fara kai mu, nan muka kashe awa ɗaya da rabi, wlh rabin awa ta isa. Ba wai wajen bashi da tarihi ba, sarakunan Ganga ne suka gina, ana cewa har fada mai hawa tara aka yi a ciki, Turawan Ingila suka ƙwace ta daga hannun daular Maratha a 1803 daga baya aka riƙa kwasar duwatsun ana wasu gine-ginen. Abun da ya rage ƙofa ce guda ɗaya ta dutse, da ramin ruwan da ya zagaye ganuwar wanda ciyawa ta cinye, sai wani tudu mai tushen gini a sama. Akwai tsohon masallaci a ciki, ga filin kurket na Barabati a maƙwabta. Shi kuwa mutuminmu ya tsaya ƙarƙashin bishiya yana ta zubo sunayen sarakuna kamar mai biya hadda, in ka yi tambaya sai ya koma farkon layi.

Gidan Subhas Chandra Bose a Odia Bazar ya fi min. A gidan aka haife shi ranar 23 ga Janairu 1897, babansa lauya ne, shi Subhas ɗin, da suke kira Netaji, shi ne wanda ya jagoranci rundunar Indiyawa da taimakon Japan lokacin yaƙin duniya na biyu don korar Turawa. An maida gidan gidan tarihi, akwai wasiƙunsa da hotuna da kakin sojojin nasa. Yara 'yan makaranta sun cika wajen, rabinsu hoton Netaji suke kallo rabi mu suke kallo.

Inda muka fara samun saɓani shi ne maganar azurfa. Katak ta yi suna da wani aikin hannu da suke kira tarakasi, ado ne da ake saƙawa da siririyar wayar azurfa, a 2024 ma gwamnati ta yi masa rajistar cewa na garin ne. A takardar kamfanin an rubuta za a kai mu mu ga masu yi. Ashe wani babban shago mai gilashi da sanyi ake nufi, mai shagon ya tarbi ɗan jagora da fara'ar da duk wanda ya taɓa zama a kasuwa ya san ta kamasho ce. Kayan suna da kyau ba ƙarya, kuɗin ne ba kyau. Nace ni maƙeran nake son gani, yace ba lokaci, nace ai a ganuwa lokacin ya yi yawa. Sai direban ya yi masa magana da yarensu na Odiya, ya faka motar, yace mu biyo shi a ƙafa.

Lungun da muka shiga ko adaidaita sai ta yi dabara. Suna da wani kirari da suke wa garin, kasuwa 52 lungu 53, ranar na yarda. Ga kwatoci a buɗe, wari kam akwai shi, babura na ta hon a bayanka. Wani ɗan ɗaki ne, mutum uku zaune a ƙasa gaban wani guntun teburi, sak maƙeran fari na gida in ka cire yaren. Babban cikinsu ya ɗauko farantin ƙarfe mai hudoji manya da ƙanana, ya zura wayar a huda ɗaya ya ja da awartaki, ya koma wadda ta fi ta ƙanƙanta ya sake ja, haka haka har ta dawo kamar gashi. Sai ya murɗe biyu waje ɗaya ya daddale su, ya sa hantsaki yana naɗe su kamar ƙaramar dodon koɗi yana jerawa cikin wani firam mai siffar ganye wanda bai kai farcena ba, ya barbaɗa garin liƙi ya kai wuta. Da ya fito baƙi ƙirin, sai da ya wanke ya goge sannan hasken ya fito. Gilashin idonsa kaurinsa kamar gindin kwalba. Direban ya fassara mana cewa 'ya'yansa basu son sana'ar, ido take ci kuɗin kuma na masu shago ne. Irin waɗannan hannayen ne suke ƙera manyan allunan azurfa da ake kafawa bayan gumaka lokacin bikin Durga Puja. A wajensa na sayi ɗan kunne na Hajiyarmu, ƙasa sosai da abun da aka faɗa mana a shagon.

Abincin ranar da ke cikin kuɗinmu shinkafa ce da miyar dal a wani gidan abinci, ba laifi ba yabo. Wanda zan tuna shi ne dahibara aludam da muka ci a tsaye wajen wani mai keke da tukwanen alminiyam ɗaure gefe da gefe. Ku ɗauka ƙosai ne aka jiƙa cikin tsala har ya yi laushi, aka zuba masa dankali mai yaji da dafaffen wake da albasa da wani abu mai ƙaras-ƙaras, a kwanon ganye. Da na ji bayanin nace Allah ya kiyaye, ƙosai a nono? Kwano biyu na ci. Ba nama a ciki, don haka ba zancen wa ya yanka.

Azahar bata cikin lissafinsu sam, sai da na tuna musu, shi ne aka kai mu Qadam Rasul. Wuri ne mai faɗi da aka gina a ƙarni na 18, da masallatai da maƙabarta da wata ƙubba da aka ajiye dutse a ciki wanda mutanen wajen suke cewa sawun Manzon Allah (SAW) ne. Allah shi ne masani, ni dai alwala na yi na yi sallata. Abun da na lura har waɗanda ba Musulmi ba suna shigowa, sun cire takalmi sun nutsu. Wani tsoho ya riƙe hannuna yana tambaya daga ina, nace Najeriya Baba, bai gane ba sai da nace Afirka, ya dafa kaina yana addu'a.

Gidan tarihin jiragen ruwa na Jobra muka isa a gurguje, kuma shi ya kamata a ba awa biyu. Tsohuwar ma'aikatar gyaran jirage ce ta 1869 da aka maida gidan tarihi a 2013, injinan suna nan, ga kwale-kwale iri-iri, ga labarin fataken Odisha da suke tafiya ta teku har Bali da Java da Sumatra. Don tunawa da su ake bikin Bali Jatra duk Nuwamba a bakin Mahanadi, mutane su saki 'yan jiragen takarda da na ɓawon ayaba da fitila a ciki. Muna cikin kallo aka fara kashe fitilu. Muka fito bakin madatsar ruwan rana na faɗuwa, kyau kam ya yi kyau, sauron ne bai bari ka tsaya minti goma.

In maki zan bayar, mota da direba 4 cikin 5, ɗan jagora 2, tsarin tafiyar shima 2. Direban muka ba tukuici, shi ɗayan muka yi masa godiya. Nuwamba in Allah ya kai mu jirgin ƙasa zan hau, tafiyar bata kai awa ba, in na sauka in tari adaidaita, da maganin sauro a aljihu.