Ina Za Ka Kai Yaro Ya Koyi Sana'ar Gini: Gaban Oga, Kwalejin Fasaha, Ko Kwas Na Wata Uku?

Shiga sababbin unguwannin da ake ta ginawa a Abuja, Kano ko Kaduna ka tambayi masu sa tayil da masu aikin silin na POP daga ina suka zo, za ka ji da yawa sun ce Kwatano ko Togo. Ba matasa muka rasa ba. Masu gidaje ne suka gaji da aikin da sai an fasa an sake, suka gwammace su biya wanda ya zauna shekaru gaban gwani ya koya. Saboda haka uban da ke son ɗansa ya ci abinci da gini, ko ɗan kwangilar da ke son renon ma'aikatan kansa, sai ya tsaya ya duba inda zai kai yaro tun kafin ya biya ko sisi.

Hanyoyin da ake bi ba su da yawa: zama gaban oga, kwalejin fasaha, kwalejin kimiyya da fasaha wato foli, shirye-shiryen gwamnati irin na ITF (asusun horar da ma'aikatan masana'antu) da NDE (hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa), sai cibiyoyin kuɗi masu ba da takarda cikin 'yan watanni. A cikinsu duka, wadda ta fi fitar da mai hannu ita ce zama gaban oga nagari na shekara uku, a ɗora masa takardar gwamnati daga baya.

Dalili shi ne gini ba a tebur ake gane shi ba. Yaron da ke bin oga yana ganin gida tun daga ranar da aka buga turaku aka ja igiya har ranar da aka miƙa mabuɗi. Yana ganin yadda ake fitar da kusurwa da ma'aunin uku, huɗu, biyar: a auna ƙafa 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗayan, in tsakaninsu bai ba da 5 daidai ba to ɗakin ya karkace, kuma mai tayil ne zai sha wahalarsa daga baya. Yana ganin bambancin ƙasa mai tauri da ƙasar fadama mai laka, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, ya ji abin da oga ke cewa game da zurfin fandisho a kowace. Yana ganin abin da ake yi in hadari ya taso ana tsakiyar zuba kankare. Babu ajin da zai shirya masa wannan.

Amma ba kowane mai cokali a hannu ne ya cancanci a ba shi ɗa ba, kuma nan ne ake yawan yin asarar shekaru. Kada ka duba ginin da oga yake yi yau, domin sabon filasta yana rufe komai. Ka ce ya nuna maka gidan da ya gama shekara uku ko huɗu da suka wuce, wanda ya sha damina da yawa. Duba saman ƙofofi da tagogi ko akwai tsaga da ta tashi daga kusurwa ta yi sama a karkace. Duba gindin bango ko danshi ya hau har fenti yana ɓarewa, alamar ba a sa abin tare danshi a kan fandisho ba. Ɗora idonka a jikin bango ka leƙa tsawonsa, in ya yi ciki za ka gani. Sannan ka yi magana da mai gidan shi kaɗai, ba a gaban ogan ba.

Bayan aiki, tambayi mutane. Yara nawa ya yaye, kuma ina suke yanzu? Ogan da ya shekara ashirin yana gini amma ba zai iya nuna maka mutum biyu da suka fita daga hannunsa suna karɓar jingar kansu ba, to leburori yake tarawa, ba almajirai ba. Ka kuma duba ko aiki ba ya yanke masa. Gwanin da ke samun gini ɗaya a shekara, yaronsa zai ƙare watanni a zaune a bakin shago.

Sai a zauna a yi yarjejeniya a rubuce, da shaidu, in da hali gaban mai unguwa ko shugaban ƙungiyar maginan yankin. A rubuta tsawon lokacin koyo, kuɗin abinci da na mota, wanda zai ɗauki magani in yaro ya ji rauni, da abin da za a sallame shi da shi. Abin da ya fi waɗannan duka muhimmanci, a rubuta lokacin da za a ba shi cokali. Ga birkila, tsarin da ya dace kusan haka yake. Wata shida na farko kwaɓi ne da sanin kaya: buhun siminti kilo 50 ne, yana cika kwanon gini biyu, kwaɓin jera bulo kashi ɗaya na siminti ne zuwa shida na yashi, kankare na yau da kullum ɗaya, biyu, huɗu, wato siminti, yashi, tsakuwa. Ya san yashi mai kaifi da na filasta, ya san yashin da ya gauraye da ƙasa ta hanyar matse shi a hannu. Daga wata na bakwai ya fara jera bulo a katanga ko bangon ciki, oga na kafa masa kusurwa yana cike tsakiya a kan igiya. Shekara ta biyu ya kafa kusurwa da kansa da filam, wato ma'aunin miƙewar bango a tsaye, ya yi filasta da daɓe, ya taya zuba linta da fila. Shekara ta uku ya koyi fitar da gini daga zane, da lissafin kaya: bulo mai inci 9 ko 6 kusan guda 10 ke cika murabba'in mita ɗaya na bango, daga nan ya iya gaya wa mai gida bulo nawa ɗaki zai ci ba tare da kame-kame ba.

In shekara ta cika yaro yana kan kwano da baro, cire shi. Kada ka ji kunya, kada ka saurari "ai sai ya yi haƙuri, mu ma haka muka taso". Leburanci aiki ne na halal, amma ana biyan lebura kuɗin yini, shi kuwa ɗan koyo ana ba shi kuɗin abinci kawai saboda ana biyan sa da ilimi. Ogan da ya riƙe ilimin ya kuma riƙe kuɗin yinin ya ci yaron ta fuska biyu. Wannan ita ce cutar da ta fi kowace yawa a harkar, kuma ba ta nuna kanta sai yaro ya kai shekara ashirin da biyar bai iya miƙar da layi ɗaya ba.

Sauran sana'o'in ma ma'aunin ɗaya ne, lokacin ne ya bambanta. Mai fenti da mai tayil suna iya tsayawa da ƙafarsu cikin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu in aiki na gudana. Kafintan rufi da na katakon dakin, wato rufin kankare, yana buƙatar uku. Wayarin kuwa, a nan kaɗai ne zan ce kada a dogara da oga shi kaɗai, domin kuskurensa gobara ce. Yaro ya san dalilin da ya sa ake jan waya mai kauri lamba 1.5 ga fitilu, lamba 2.5 ga soket, mai kauri fiye da haka ga na'urar sanyaya ɗaki da ta dumama ruwa, ya san aikin wayar ƙasa, ba wai ya haddace kawai ba. Wannan sai da aji. Hukumar NEMSA ce ke ba masu aikin wutar lantarki takardar shaidar ƙwarewa, kuma ya kamata ya neme ta.

Kwalejin fasaha ita ce ta biyu a wurina, kuma ga yaron da ya gama ƙaramar sakandare yana da shekara goma sha huɗu ko sha biyar, ita ce ma ta fi, domin bai kai a sa shi hawa sikafol ba. Shekara uku ce, a ƙarshe ya rubuta jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da ke da hedikwata a birnin Benin na Jihar Edo, ya samu takardar shaidar fasaha ta NTC a jera bulo da kankare, kafinta, aikin famfo, wayarin ko fenti. Ribarta karanta zane da lissafi, abin da ogogi da yawa ke da rauni a kai. Kafin ka biya kuɗin fom, je ka ce a buɗe maka ɗakin koyon aiki. In ka tarar da tarin bulo da aka sha ginawa ana rushewa, ƙasa duk burbushin kwaɓi, alama ce mai kyau. In ka tarar da injina sun yi ƙura, malami yana zana cokali a allo, to sakandare ce kawai da wani suna. Ko mai kyau ce, wanda ya gama sai ya ƙara shekara guda gaban oga kafin hannunsa ya yi sauri.

Foli tana fitar da mai duba aiki, ba mai yin aiki ba; in burin yaro ya riƙe zane ya zama mai kula da wurin gini, to ya tafi, amma ba maganarmu ba ce a nan. Horon ITF, hukumar da aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, yana da amfani ga wanda ya riga ya iya yana son gogewa, amma 'yan watanni ba sa mai da sabon shiga magini. Tsarin NDE na koyon sana'a gaban oga ne shi ma, don haka duk abin da aka faɗa a sama game da zaɓen oga ya hau kansa. Kwas na wata uku a cibiyar kuɗi kuwa, kuɗin ka sayi kayan aiki da shi ya fi.

Takarda tana da ranarta. Kamfanonin gine-gine da ma'aikatun gwamnati suna tambaya, haka masu neman aiki a ƙasar waje. Wanda ya koya gaban oga yana da ƙofa biyu. Akwai Trade Test, wato gwajin sana'a, na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai mataki uku, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya. Akwai kuma NSQ, tsarin shaidar ƙwarewa da NBTE, hukumar ilimin fasaha ta ƙasa mai hedikwata a Kaduna, ke kula da shi, inda mai tantancewa ke duba mutum yana aiki da hannunsa, kuma ana lissafa abin da ya riga ya koya a wajen makaranta. A ɓangaren gini, ƙungiyar magina ta NIOB da majalisar CORBON mai yi wa magina rajista suna cikin tsarin. A fara neman takardar a shekara ta biyu ko ta uku, lokacin da yaro ke da abin nunawa.

To amma a nan ne 'yan damfara suka yi sansani. Akwai masu zama a kusa da ofisoshi su ce ka kawo hoto biyu da kuɗi, jibi ka karɓi Trade Test mataki na ɗaya, yaro bai taɓa bulo ba. Ko da takardar ta fito da hatimi, ranar da kamfani ya ce ya gina kusurwa mai layi biyar a gabansu asiri ya tonu, kuma ba za su sake kiransa ba. Duk takardar da ba a gwada hannu kafin a ba da ita ba, ka ɗauke ta ta bogi. Akwai masu tallar fom a Facebook da WhatsApp da tambarin ITF ko NDE, suna cewa a tura kuɗin rajista a asusun wani mutum. Hukumar gwamnati ba ta karɓar kuɗi a asusun mutum ɗaya. Taka ka je ofishinta na jiharku ka tambaya. Akwai cibiyoyin da ke rataye allo suna cewa gwamnati ta amince da su. Ka ce su nuna takardar amincewar, ka karanta sunan hukumar da kuma sana'ar da aka amince su koyar, domin wanda aka ba izinin koyar da ɗinki yana iya buɗe ajin wayarin da takardar nan ɗaya. Akwai kuma masu haya kayan aiki na rana ɗaya su jera don ranar da iyaye za su zo gani. Maganin wannan ka koma wata rana ba tare da sanarwa ba, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ka ƙirga yara nawa ke riƙe da kayan aiki, nawa ke zaune.

Mafi muni duka shi ne ogan da ya iya aiki amma maha'inci ne, domin shi yaro zai fito gwani a duka biyun. Tsaya a wurin gininsa na awa ɗaya ka lura. Zane ya ce rodi mai milimita 16 a fila, shi ya sa 12? Zobban da ke ɗaure rodin ya ware su nesa da juna don ya rage ƙarfe? Yana sa 'yan ƙananan dutsen kankare a ƙarƙashin rodi don siminti ya lulluɓe shi da kaurin kamar inci ɗaya, ko kuwa ƙarfen yana kwance a kan katako, inda zai yi tsatsa nan da 'yan shekaru ya fasa silin? Yana tsuga ruwa a kankare don ya yi saurin zuba? Ana shayar da dakin ruwa aƙalla kwana bakwai, ko an zuba an tafi? Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa, amma za ka ga mai cire turakun ƙarƙashin dakin cikin mako guda saboda yana son kai katakon wani aiki. Ɗauki bulon da yake amfani da shi ka murza gefensa da yatsa. In yana zubar da gari, buhu ɗaya aka miƙe ya buga abin da buhu biyu ya kamata su buga. Ka kuma kula da yamma lokacin tashi, ko ana ɗora rabin buhun siminti a bayan babur. Yaron da aka aika ya kai wannan buhun sau biyu ya riga ya ɗauki darasin, kuma gidajen da mutane za su kwana a ciki da 'ya'yansu zai riƙa ginawa da shi.

Kayan aikin sallama ma a duba su tun wuri. Ka sayi na yaro da kanka tun shekarar farko, cokali, filam, tef mai mita biyar, igiya, guduma, sukwaya da lebur mai kumfa na duba daidaito, tare da takalmi mai tauri da hular kwano, ya sa musu alama. Lebur na jabu ya cika kasuwa. Kafin ka biya, ɗora shi a kan teburin mai shago ka ga inda kumfar ta tsaya, sannan ka juya shi kai ya koma gindi a wuri ɗaya. In kumfar ta sauya wuri, ajiye masa abinsa ka ɗauki wani.