Darasin jitar Hawai ta intanet: malamin da ya ci kuɗinsa da wanda bai ci ba

Duk wanda ya ce zai koya maka kiɗan ki ho'alu na tsibiran Hawai, wanda aka fi sani da slack key, fara tambayarsa a hannun wa ya koya. Idan ya shiga kame-kame, riƙe kuɗinka. Na biya malamin jita na gari, na biya kuɗin shafin darussan bidiyo, daga baya na zauna gaban wani dattijo ɗan Hawai ta Zoom, kuma wannan tambayar ce ta fi raba min tsaki da tsakuwa.

Dalili kuwa, kiɗan gado ne. Labarin da mutanen Hawai ke bayarwa shi ne, wajen shekarar 1832 Sarki Kamehameha na uku ya ɗauko makiyaya masu jin Sifaniyanci daga yankin Meziko domin su koya wa mutanensa sarrafa shanu, suka zo da jita. Da suka tafi, 'yan ƙasa suka sassauta tsirkiyoyin yadda ya dace da waƙoƙinsu, kowane gida da nasa saitin, wasu ma suna ɓoye nasu kada baƙo ya ɗauka. Sai a 1946 aka fara jin sa sosai a faifai, ta hannun Gabby Pahinui, littafin koyarwa kuwa sai 1973 Keola Beamer ya fitar da nasa. Abin da ya shekara fiye da ɗari yana tafiya daga hannu zuwa hannu, ba mamaki takarda ta kasa ɗauke shi duka. Kada kuma a haɗa shi da ɗayar jitar Hawai, wadda ake kwantarwa ana goga mata ƙarfe, irin sautin da ake ji a kiɗan juju na King Sunny Ade. Ki ho'alu da jitar katako ta yau da kullum ake yin sa, da yatsu zalla.

Malamina na farko mutumin kirki ne, ya kuma iya jita, don shi ya gyara min riƙo da zama. Amma da na kawo masa maganar kiɗan Hawai, cewa ya yi ai abu ne mai sauƙi, sauya saiti ne kawai. Ya sauke tsirkiya ta shida daga sautin da ake kira E zuwa D, ta biyar daga A zuwa G, ta farko daga E zuwa D, aka samu D G D G B D, saitin da suke kira taro patch. Har nan daidai ne. Daga nan sai ya ci gaba da kaɗa tsirkiyoyin gaba ɗaya kamar yadda ya saba, ni ma ina bin sa. Da daɗin ji, amma duk sanda na kunna faifan gwanayen wannan kiɗa, Ray Kane ko Sonny Chillingworth, sai in ji abin da muke yi ko kusa bai kama hanya ba. Abin da ya ɓata min rai shi ne ya karɓi kuɗin abin da bai sani ba, maimakon ya ce wannan ba fanninsa ba ne.

Shafin bidiyon ya fi. An tsara darussan daki-daki, akwai takardun da ke nuna inda kowane yatsa zai sauka, ana iya rage gudun bidiyo, farashin wata kuma bai kai na darasi ɗaya da malami kai tsaye ba. Aibinsa ɗaya ne, ba ya jin ka. Za ka yi ta maimaita abu a karkace kana murna.

Dattijon nan, wani ɗalibinsa ne ya haɗa mu. Kafin in rufe baki da tambayata ya riga ya amsa: a wurin kawunsa ya koya, a bakin ƙofar gida, kawun ba ya bayani, sai dai ka zuba ido ka kasa kunne. Ya ce in kaɗa abin da na iya. Ban yi nisa ba ya ɗaga hannu, ya ce in sauko da kyamarar waya ta daina kallon fuskata ta kalli hannuna na dama. Sai ya ce, “Ɗana, babban yatsanka yana jiran sauran yatsu. Su ne ya kamata su jira shi.” Ranar ba mu taɓa wuyan jitar ba. Babban yatsa kawai, tsirkiya ta biyar sai ta huɗu, ta biyar sai ta huɗu, can a koma ta shida da ta huɗu, shi kuma yana ba ni labarin gonarsa, yana jefo min tambayoyi da gangan don ya ga ko yatsan zai tsaya idan na buɗe baki. Aikin babban yatsa a wannan kiɗa kamar na mai kuntuku ne a bayan masu kalangu: ba shi ake kallo ba, amma da ya yi tuntuɓe kowa ya watse. A nan ne kake jin mutum ɗaya yana kiɗa kamar su biyu, yatsa ɗaya na riƙe ƙasa, sauran suna ɗauke da karin waƙar a sama.

Sai da wannan ya zauna sannan ya shiga kayan ado. Yadda ake buga tsirkiya da yatsan hagu a fizge shi, yadda ake zamewa a kan ta farko da ta uku tare, da ƙarar nan mai kama da ƙararrawa da ake samu idan aka ɗora yatsa a hankali daidai kan gaɓa ta 12 ko ta 7 ba tare da an danna ba. Ya fi daɗewa a kan 'yar gajeriyar juyawar da ake yi tsakanin baiti da baiti, daga haɗin sautin D7 a koma na G. Ya nuna min ita iri-iri, yana cewa wannan ta kawunsa ce, wannan ta mutanen wani tsibiri ce, wannan kuma idan ana raka masu rawar gargajiyar Hawai da ake kira hula ake yin ta don su samu numfashi. Wata rana ya ce in sassauta tsirkiya ta uku kaɗan, daga G zuwa F#. Tsirkiya ɗaya tak, amma sautin jitar gaba ɗaya ya koma wani abu mai sanyi da ban taɓa ji daga hannuna ba. Ya ce wannan saitin wahine ne, wanda aka san marigayiya makaɗiya Alice Namakelua da shi, kuma kada in riƙa kaɗa shi da gaggawa. Ba ya yarda a koyi waƙa ba a san maganar da take yi ba, ko da ba za a rera ta ba, don yawancinsu yabon wani wuri ne, ruwa ko dutse ko gari. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin mu ma ba ma raba kiɗa da wanda aka yi dominsa.

Wahalhalun kuwa suna nan. Tsakanin Najeriya da Hawai awa 11 ne, ƙarfe takwas na dare a nan tara na safe ne a can, saboda haka bayan sallar isha'i muke haɗuwa, kuma idan ya ce sai da yammacinsa, to ni asuba ce ko kafin ta. Da dala ake biya, wanda ke karɓar albashi da naira ya san abin da hakan ke nufi, kuma katina ya sha ƙin wucewa. Ba a iya kiɗa tare saboda jinkirin da sauti ke yi a hanya, sai dai ya yi in maimaita. Zoom ma, idan ba ka kunna masa zaɓin barin sauti yadda yake ba, ɗaukar jitar yake kamar hayaniya yana yanke ta, idan ka kunna kuma ƙarar janareton maƙwabta ta shigo. Malamin kansa ba gwanin tsari ba ne. Ba ya ba da takarda, yakan manta inda muka tsaya, labari kuma yakan cinye kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin. Mai son manhaja a jere zai ƙosa da shi. Ni dai na roƙe shi izinin naɗar darasin, ya yarda, da shi nake bita duk mako.

Ga wanda bai taɓa riƙe jita ba, kada ya fara da irin wannan malami, asarar dala ce. Ya nemi na kusa da shi ya koyi riƙo da canjin yatsu, ya ɗauki shafin bidiyo na wasu watanni, sannan ya nemi ɗan gado ko da sau ɗaya ne a wata. Kafin ya biya, ya nemi darasin gwaji, ya lura ko malamin zai kalli hannunsa na dama. Ya kuma sayi tsirkiyoyi masu ɗan kauri, don sirara idan aka sassauta su karkarwa suke a kan ƙarfen wuya, sannan lokacin hunturu ya riƙa mayar da jitar cikin akwatinta da ɗan danshi, kada bushewar iska ta tsaga katakon.