A Atina ba a ɗauke wuta, mutum ne ke ɗauke wa kansa

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kuna lafiya. A gaishe min da Hajiya da yara.

Ka tambaye ni ko da gaske ne a Girka ba a ɗauke wuta. Da gaske ne, tun zuwana ban ji ƙarar janareto a ƙofar gidan kowa ba. Sai dai a nan talaka da hannunsa yake kashe wa kansa.

Benen da nake haya a unguwar Kipseli, nan Atina babban birnin ƙasar, yana da tukunyar ɗumama ɗakuna a can ƙasa. Da mai take aiki, kowane gida ya kawo nasa kason. Tun kafin in zo aka daina kunna ta. A 2012 gwamnati ta ƙara harajin man ɗumama gida, benaye da yawa suka kasa haɗa kuɗin, wasu suka koma ƙona itace har hayaƙi ya turnuƙe gari kamar hazon hunturu a Kano. Ga shi fiye da rabin gine-ginen ƙasar kafin 1980 aka yi su, bango ba ya riƙe ɗumi. Tsohuwar da ke samana ɗaki ɗaya take ɗumamawa, shi ma sai da dare. Wuni take yi cikin bargo.

Har ma'auni suke da shi na wannan talauci na kasa biyan wuta da ɗumama gida. Ɗaya daga Ingila aka aro shi: gidan da wuta da ɗumi ke cin fiye da kashi 10 cikin ɗari na samunsa. Ni bai kwanta min ba, domin tsohuwar nan ba za ta shiga lissafin ba. Kuɗin wutarta kaɗan ne, ai ba ta kunnawa. Na fi yarda da tambayar da hukumar ƙididdiga ke yi wa magidanta: kana iya ɗumama gidanka yadda ya kamata? A 2023 kimanin 19 cikin ɗari ba sa iyawa, a 2014 kuwa kusan ɗaya cikin uku.

Takardar kuɗin wutar ma ba wuta kaɗai ba ce, har kuɗin kwashe shara da na talabijin ɗin gwamnati a ciki suke zuwa.

Abin da ya burge ni tankunan da ke kan rufin gidaje, rana ce ke dafa ruwan wanka. Da zafin ranarmu, ka bincika min nawa ake sayar da irinsu a Sabon Gari, ko ma sa wa Hajiya kafin sanyi ya shigo.