Peerless Assassin 120 SE a zafin Garwa: na'urar ta yi aiki, mai shago ne ya ɓata mini rai

Duk mai haɗa bidiyon biki a Garwa ta Kamaru ya san abin da Maris da Afrilu ke yi wa kwamfuta. Tawa mai firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) i5-12600K ce, na ƙara mata gudu zuwa 5.0 GHz, amma da na sa ta fitar da dogon bidiyo sai zafinta ya kai digiri 100, ta rage gudu da kanta don kada ta lalace. Aikin la'asar ya koma na bayan isha'i, masu biki kuma suna ta bugo waya. Shi ya sa na yi odar na'urar sanyaya firosesa, Thermalright Peerless Assassin 120 SE, daga Duwala, aka sako mini ita a motar ajans.

Na kai wani shago a babbar kasuwa, yaron Alhaji mai shagon ya ɗaura. Na dawo gida da murna, na kunna HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin kwamfuta, na sa aiki. Digiri 98! Ƙarfe mai hasumiya biyu, bututun jan ƙarfe shida, fanka biyu, a ce bambancin bai wuce digiri biyu ba? Wallahi raina ya ɓaci. Na koma shagon, Alhaji ko kallon kwamfutar bai yi ba, ya ce, "Malam, ai zafin gari ne, ka yi haƙuri damina ta sauka." Na ce, "Alhaji, don Allah a kwance ta a gabana." Da ƙyar ya yarda. Ana ɗagawa sai ga ledar nan da kamfani ke mannawa a gindin ƙarfen, da gargaɗinta ɓaro-ɓaro cewa a cire kafin a ɗaura, tana nan daram, an lafta man da ke kai zafi daga firosesa zuwa ƙarfen a kanta. To ta ina zafi zai ratsa? Abin da ya fi ci mini rai, babu ko ban haƙuri. Ƙarshe ma cewa aka yi in biya kuɗin sabon mai, tunda an ƙarar da wanda ya zo a kwalin.

Da aka cire ledar, gaskiya na sha mamaki. Da tsakar rana, ɗakina yana kusan digiri 38, aiki mai nauyi bai wuce 84 ba, gudun kuma bai sauka ba ko sau ɗaya. Kada ku kwatanta da abin da kuke gani a YouTube, su a ɗaki mai sanyi suke gwaji, wajen digiri 22. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakinka take turawa, don haka duk digirin da ɗaki ya ƙaru sai ya bayyana a kan firosesa. Ƙararta ma ba ta kai ta fankar silin ba.

Sai dai akwatin kwamfutar da shagon nan ya sayar mini tun farko, shi ma wani ciwon ne. Gabansa gilashi ne, da 'yan tsagogi a gefe, fankoki uku masu fitila suna juyawa a bayansa babu inda za su ja iska. Kwalliya ce kawai. Na cire murfin gaban don gwaji, nan take zafi ya ƙara sauka. Ɗaya daga cikin fankokin ma a juye aka ɗaura ta, tana fitar da iska maimakon shigo da ita. A lura, iska tana fita ne ta ɓangaren da sandunan da ke riƙe injin suke. Na sauya su da fankokin Arctic P12, uku suna shigarwa ta gaba, ɗaya tana fitarwa ta baya. Idan mai shiga ta fi mai fita yawa, ƙura ba ta samun kutsawa ta kowace kafa, sai ta raga. Amma barin gaba a buɗe ba zai yiwu ba idan hazon hunturu ya taso a Disamba, don haka dole in sake kashe kuɗi a kan akwati mai raga. Mai niyyar sayen Peerless Assassin ya auna akwatinsa tukuna, tsayin na'urar milimita 155 ne, kuma ya tsaya a kan yaron shago har ya ga an ɓare ledar da idonsa.