Gwajin jini na IgE ga yaro mai fuka: yadda na same shi

Duk mai yaro mai fuka a ƙauyukanmu na yankin Kura ya san lokutan da ciwon ke tashi: casar shinkafa, sussukar gero, sai in hunturu ya shigo da ƙurarsa. Ɗana na cikin masu wannan lalura. Mun daɗe muna dogaro da salbutamol, shuɗin maganin shaƙa, har likita ya tura mu wani ɗakin gwaji a birnin Kano a auna IgE a jininsa.

IgE wani sinadarin garkuwar jiki ne da aka gano a tsakanin 1966 da 1967. A jikin mai borin jini, yakan ɗauki abin da ba shi da illa, kamar ƙaiƙayi ko ƙurar ɗaki, a matsayin abokin gaba. Yana maƙale a wasu ƙwayoyin halitta na hanyar numfashi, da zarar yaro ya shaƙi abin sai su saki sinadarin histamin mai jawo kumburi da 'yan uwansa, hanyar iska ta kumbura ta tsuke, majina ta taru. Shi ne fiton da ake ji a ƙirji cikin dare.

Ɗibar jinin ba wahala, ma'aikatan kuma sun lallaɓa yaron. Kuɗin dai ba na wasa ba ne ga manomi, ga na mota. Gwajin farko na jimillar IgE ne, ya fito sama sosai, hankalin mahaifiyarsa ya tashi. Likita ya duba takardar ya ce, "Malam, yaron nan yana wanka a ruwan noman rani?" Na ce wane yaro ne a garinmu ba ya yi. Ya ce tsargiya da tsutsar ciki ma suna ɗaga IgE, wani lokaci fiye da borin jini. Aka duba fitsari, sai ga tsargiya, aka ba shi praziquantel.

A nan na rage wa gwajin jimilla maki. Gaskiya ne masu fuka galibi IgE ɗinsu ya fi na sauran mutane yawa, kuma yaron da jikinsa ke bori da abubuwa da yawa ya fi shan wuya. Amma a wurin da yara ke wuni cikin ruwa da taɓo, adadin shi kaɗai ba ya faɗin nauyin ciwon. Tambayoyin likita sun fi takardar amfani: tari yana tashinsa da dare? Sau nawa yake neman shuɗin a mako? An taɓa kwantar da shi?

Gwaji na biyu, mai ware abubuwa ɗaya bayan ɗaya, shi ne ya biya kuɗinsa duk da ya fi tsada. Ya nuna kyankyaso da ƙananan ƙwarin ƙura da ke zama cikin katifa. Ni da nake ta ɗora laifi a kan hunturu kaɗai, ashe abin yana ɗakin kwanansa duk shekara. Yanzu ana shanya katifarsa a rana, ba a barin ragowar abinci ya kwana a buɗe, mun bar kunna maganin sauro mai hayaƙi mun koma gidan sauro, kuma ba ya zama kusa da murhu.

An kuma sa shi a kan beclometasone, maganin shaƙa mai ruwan ƙasa, safe da yamma ko yana lafiya, ya kurkure baki bayan ya shaƙa. Shi ke kwantar da kumburin, shuɗin buɗe hanya kawai yake yi na 'yan sa'o'i. Akwai allurar omalizumab mai ɗaure IgE, wadda Amurka ta amince da ita a 2003, amma ta masu ciwo mai tsanani ce, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin irinmu nesa ba kusa ba.

Wanda aka rubuta wa gwajin nan, ina ba shi shawara ya roƙi likita a fara duba fitsari da bayan gida, waɗanda ake yi ko a asibitin ƙaramar hukuma. In kuɗi na gwaji ɗaya ne, ya tambaya ko za a yi mai warewar.