Koyarwa ko ofishin rajistara a tsangayar shari'a? Ga wadda zan ce ka ɗauka

Barista, ɗauki koyarwar. Na ga abin da ka rubuto, cewa guraben aiki biyu sun buɗe a jami'a guda, ɗaya na lakcara a tsangayar shari'a, ɗaya na jami'in mulki a ƙarƙashin rajistara, kuma 'yan'uwa na ta ce maka na ofis ya fi kwanciyar hankali. Na taɓa kujerun biyu, na ofis da farko sannan na aji, saboda haka abin da zan faɗa maka ba jin-ta-jin-ta ba ne.

Tunda an riga an kira ka lauya kuma mastas ɗinka na hannu, a yawancin jami'o'inmu matakin Lakcara na Biyu za a ɗora ka. Wanda bai gama mastas ba shi ne kan fara daga mataimakin lakcara. Daga nan tsanin a bayyane yake: Lakcara na Ɗaya, Babban Lakcara, Mataimakin Farfesa, sai Farfesa. Duk bayan shekara 3 kana da damar neman ƙarin girma, kuma abin da za a duba yana hannunka: maƙalun da ka wallafa, ɗaliban da ka duba wa bincike, kwasa-kwasan da ka koyar, da digirin digirgir, wanda in babu shi a mafi yawan wurare ba za ka wuce Lakcara na Ɗaya ba. Idan ka kai matakai biyu na sama, rubuce-rubucenka ake tattarawa a aika wa farfesoshin wasu jami'o'i su auna a asirce. Abin lura a nan shi ne kujerar Farfesa ba ɗaya ba ce. Sashe guda zai iya tara farfesa biyar, ba sai wani ya yi ritaya ko ya rasu ba kafin ka hau.

A ofis ba haka abin yake ba. Za ka fara a jami'in mulki, ka zama Mataimakin Rajistara, ka bi matakan da ke samansa har ka kai Mukaddashin Rajistara, wato matakin da ke ƙasa da rajistara kai tsaye, idan Allah ya nufa. Akwai jarrabawar ƙarin girma, akwai kuma jiran gurbi, kuma kana hawa tsanin na ƙara tsukewa. Rajistara ɗaya tak ke akwai a jami'a, wa'adinsa shekara 5, kuma in kujerar ta buɗe tallata ta ake yi, mukaddasai daga ko'ina su nema. Na san mutanen kirki, ƙwararru, da suka tsufa a mataki guda ba don sun gaza ba, sai don babu inda za a matsar da su.

Ga kuma shekarun aiki. Gyaran dokar jami'o'i na 2012 ya ba masu matsayin farfesa damar zama har shekara 70, sauran ma'aikata kuwa, malamai da na ofis, 65. A yau da kake da ƙuruciya shekara 5 ba komai ba ce a idonka. Ka tambayi wanda ke biyan kuɗin makarantar 'ya'ya a ƙarshen aikinsa.

Amma ba tsani ne ya riƙe ni a aji ba. Wata shekara ina koyar da dokar filaye, muka zo kan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, sashe na 22, inda aka ce mai shaidar mallaka ba zai jinginar da fili ko ya sayar ba sai da amincewar gwamna. Na kawo musu shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1989, ina bayani suna rubutu kamar kullum. Da aka tashi sai wani yaro da ke zama can baya, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya tsaya bakin ƙofa yana jujjuya wata baƙar leda. Takardun gidansu ne a ciki, kwafi duk sun yi laushi saboda ninkewa. Mahaifinsa ya karɓi bashi da gidan, ya rasu, masu bashi kuma sun fara kawo masu saye suna leƙa ɗakuna. Muka zauna a ofishina har aka kira magariba muna bin takardun layi-layi, shi ke karantawa ni ina tambaya, har ya gano da kansa inda gibin yake. Na haɗa shi da wani lauya abokina, aka sasanta maganar ba tare da an fitar da gyatumarsa waje ba. Bayan shekaru na shiga wata babbar kotu kan wata ƙaramar shari'a, sai ga shi sanye da riga da hular lauya a ɓangaren gwamnati. Ya miƙe ya gabatar da kansa ga alƙali, sannan ya nemi izini ya ce wanda ke ɗaya ɓangaren malaminsa ne. Ranar bai raga mini ko kaɗan ba, kuma wallahi na ji daɗin hakan.

Ofis kuwa, to, aiki ne, ana biya. Za ka rubuta bayanan taron hukumar tsangaya, ka adana fayil ɗin ɗalibai, ka bi sahun takardun da suka maƙale a teburin wani, ka tashi ƙarfe huɗu.

Kada dai in yi musu rashin adalci. Sakataren tsangayar shari'a na gari dukiya ne. Shi ke riƙe da lissafin adadin ɗaliban da Majalisar Ilimin Shari'a ta yarje wa tsangayar ta ɗauka, kuma tsangayar da ta zarce wannan adadi kan jefa yaranta cikin layin jiran gurbi a makarantar horas da lauyoyi, wani lokaci ma a dakatar da ita daga ɗaukar ɗalibai. In masu tantancewa daga hukumar kula da jami'o'i suka zo, shi ya san inda kowace takarda take. Sai dai aikin ba ya buƙatar lauya. Mai digirin tarihi ko na kimiyyar siyasa zai yi shi tsaf. Kuma kai ma'aikacin rajistara ne, ba na tsangaya ba: bana kana shari'a, baɗi takarda guda za ta mayar da kai sashen kula da ɗakunan kwanan ɗalibai ko ofishin ɗaukar ɗalibai. Shekara 5 na digiri da guda ta makarantar lauyoyi, duk sai su koma kamar sabuwar riga a ƙasan adaka, tana nan amma ba a sa ta.

Nan ne babban bambancin yake ga lauya. A 1992 gwamnati ta fitar da wani umarni da ya cire malaman shari'a daga cikin ma'aikatan da aka hana yin aikin kansu, shi ya sa kake ganin malamanmu a kotu. Lauyoyi sun daɗe suna muhawara kan yadda wannan umarni zai zauna da ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin kundin tsarin mulkin 1999, amma a aikace malamai na shiga kotu, suna rubuta ra'ayin shari'a, suna ba hukumomi shawara. Jami'in mulki ba shi da wannan ƙofa. Dubi inda aji ya kai mutane: Yemi Osinbajo daga Jami'ar Legas ya fito kafin ya zama kwamishinan shari'a na jihar a 1999, ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 2015. Marigayi Niki Tobi ya shugabanci tsangayar shari'a a Jami'ar Maiduguri kafin ya koma alƙalanci, har ya kai Kotun Ƙoli. Farfesa Auwalu Yadudu na Jami'ar Bayero ya zama mai ba shugaban ƙasa shawara kan shari'a. Tahir Mamman ya jagoranci makarantar horas da lauyoyi daga 2005 zuwa 2013, daga baya ya riƙe ma'aikatar ilimi. Har lambar SAN, ta babban lauyan Najeriya, tana da gurbin malamai, kodayake a 'yan shekarun nan an tsuke shi sosai. Ba na cewa kowane lakcara can zai kai, yawancinmu a aji za mu yi furfura. Amma ƙofofin a buɗe suke.

Hatta mulkin ma, in shi ke ba ka sha'awa, ta aji ake isa ga mafi girmansa. Shugaban sashe malami ne, shugaban tsangaya malami ne, shugaban jami'a malami ne. Daga alli ana iya zuwa kujerar mulki, daga fayil kuwa ba a zama shugaban tsangaya.

Masu ce maka ofis ya fi kwanciyar hankali suna da gaskiya ta fuska guda. Malami ba shi da lokacin tashi. Takardun jarrabawar aji ɗaya kan cika buhu, ka kwashe su zuwa gida, iyali su yi barci kana makin amsar da ba a iya karanta rubutunta. Ga duba kundin ɗaliban ajin ƙarshe, ga naka karatun digirgir ɗin, ga 'yan'uwa da abokan arziki masu kiran waya a taimaka wa wane da maki biyu. Wannan na ƙarshen ka shirya masa tun yanzu, domin amsar da ka bayar a shekarar farko ita za ta bi ka. Albashi kuma kada a ruɗe ka, bai taka kara ya karya ba a kowane ɓangare. Yarjejeniyar 2009 tsakanin gwamnati da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, sai da ta haura shekara 10 ba a sabunta ta ba, kuma a 2022 an yi wata 8 ana yajin aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba, babu albashi. Amma kar ka ɗauka ofis mafaka ne: a waccan shekarar SSANU da NASU, ƙungiyoyin ma'aikatan da ba malamai ba, su ma sun shiga yajin, su ma an riƙe musu nasu. A irin wannan lokaci lakcara lauya na da abin da zai kama, ko da rubuta yarjejeniyar sayen fili ce. Haka kuɗin ƙaro karatu na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na mastas da digirgir, malamai aka ware wa.

Wani zai ba ka shawarar ka shiga ta ofis tukuna, in ka samu gindin zama sai ka sauya zuwa koyarwa. Ana yi, ni ma ta nan na bi, amma ba haƙƙinka ba ne da za ka nema a ba ka. Sai sashe yana da gurbi, sai rajistara ya sake ka, sai ka sake zama gaban kwamiti, kuma sau da yawa shekarun da ka yi a ofis ba sa shiga lissafin matakin da za a ɗora ka. Ƙofar da ake wahalar nema ta baya ga ta an buɗe maka ta gaba.

In kuma wata rana gurbi ya fito a Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya, ka san wannan wani gida ne daban. Ta fara a Legas a 1963, hedikwatarta yanzu tana Bwari, tana da rassa ciki har da na Bagauda a Kano da na Yola. Can aikin lauya zalla ake koyarwa: yadda ake shigar da ƙara, shari'ar laifi, harkar kamfanoni, cinikin kadarori da ɗa'ar aiki. Wanda ya goge a kotu ya fi dacewa da wurin, mai son bincike da rubutu kuwa jami'a ce gidansa.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa. Ka yi hattara da masu sayar da gurbi. Da zarar an ji ana ɗaukar ma'aikata za su fito, wannan ya ce yana da hanya a ofishin shugaban jami'a, wancan ya ce shi ke riƙe da kason jiharku a Abuja. Takardar kama aikin da suke bugawa ta fi ta gaske kyau, har da hatimi da sa hannu, wasu ma har ganawar bogi suke shiryawa a otal. A 2023 Majalisar Wakilai ta yi zaman bincike kan cinikin guraben aiki a hukumomin tarayya, aka ji abubuwan kunya. Aikin jami'a na gaskiya yana bi ta sashe, ta tsangaya, ta kwamitin ɗaukar ma'aikata, kuma ba a tura kuɗinsa asusun wani mutum. Kai lauya ne, in asiri ya tonu ba kuɗinka kaɗai zai tafi ba, sunanka na iya zuwa gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi. Bayan ka shiga kuma wasu 'yan kasuwar na jiranka: mujallun da ke karɓar kuɗi yau su buga maka maƙala jibi ba wanda ya karanta, da masu cewa kawo kuɗi a saka sunanka a rubutun wani. Masu auna aikin farfesa sun san waɗannan mujallu ɗaya bayan ɗaya, kuma sukan soke su a lokacin da ba ka da damar gyarawa. Gara maƙala biyu a mujallar tsangaya mai mutunci da goma a can.

Mutum ɗaya zan ce ya ɗauki ofis: wanda ya san a ransa ba ya son tsayawa gaban aji kuma ba zai iya zaman rubutu ba. Irin wannan in ya shiga koyarwa zai cuci kansa ya cuci yaran mutane. Shi ma gara ya nemi sashen shari'a na jami'ar, inda ake duba kwangiloli da bin ƙararrakin da aka shigar da ita, don kada karatunsa ya kwanta. Kai kuwa yadda ka tsara tambayarka ma ya nuna ba ka cikin wannan sahu.

Kafin ka sa hannu, ka je ofishin kula da ma'aikata da ƙafarka ka tabbatar sunanka na cikin jerin da aka amince da shi. Ka duba matakin da aka rubuta maka, in an sa mataimakin lakcara alhali kana da mastas, ka yi magana tun kafin ka karɓa, domin gyara shi daga baya kan ci shekaru. Ka tambayi sashen da za a kai ka da kwasa-kwasan da ba su da malami. Sannan ka sayi fom ɗin digirgir a zangon farko da ya buɗe.