MySQL Workbench: manhajar da ke mayar da zanen rumbun bayanai aiki na gaske

Na shafe kusan wata uku ina amfani da MySQL Workbench wajen tsara rumbun bayanan wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta, wadda take son ta daina tara sakamakon jarrabawar ɗalibanta a manyan littattafan rajista. Manhajar ta kamfanin Oracle ce, wanda ya gaji MySQL, wato manhajar adana bayanai da Workbench ke aiki da ita, a shekarar 2010 lokacin da ya sayi kamfanin Sun Microsystems, shi kuma Sun ya mallaki MySQL ne a 2008 lokacin da ya sayi kamfanin ƙasar Suwidin da ke haɓaka ta. Kyauta ake sauke Workbench, tana aiki a kan Windows da Linux da macOS, kuma bayan an girka ta ana iya yin zane ba tare da intanet ba, abin da duk mai sayen data da kuɗin aljihunsa zai yaba.

Kafin a gina rumbun bayanai akan fara zana shi, kamar yadda magini yake neman taswirar gida kafin ya haƙa harsashi. Tun a 1976 Peter Chen ya fito da tsarin da ake koyarwa har yau a azuzuwan kimiyyar kwamfuta: a ware abubuwan da za a adana bayanansu, a faɗi siffofin kowane ɗaya, sannan a nuna alaƙar da ke tsakaninsu. A zanen Chen akwati yana wakiltar abu, da'ira mai kama da ƙwai tana wakiltar siffa, lu'ulu'u mai kusurwa huɗu kuma yana wakiltar alaƙa. A makarantar da na yi wa aiki abubuwan su ne ɗalibi da aji da darasi da malami, siffofin ɗalibi kuma sun haɗa da sunansa da ranar haihuwarsa da lambar wayar mahaifinsa.

Workbench ba ta bin salon Chen, kuma ya kamata ɗalibi ya san haka tun daga farko. Da zarar an buɗe allon zane, abin da take bayarwa jadawali ne kai tsaye, wanda za a cika da sunayen ginshiƙai da nau'in bayanin da kowane ginshiƙi zai ɗauka. Alaƙa kuwa layi ce tsakanin jadawali biyu, kuma salon da manhajar take farawa da shi shi ne wanda ake kira ƙafar hankaka, saboda ƙarshen layin yakan rabu gida uku a ɓangaren da ke nufin "da yawa". Aji ɗaya yana da ɗalibai da yawa, don haka yatsun ƙafar suna taɓa jadawalin ɗalibi. Ana iya sauya salon zuwa wasu salon zane irin su UML ko IDEF1X, amma lu'ulu'un Chen da da'irorinsa na siffofi ba sa cikin abin da aka tanada.

Inda manhajar ta fi burge ni shi ne yadda take sarrafa alaƙar da ke da yawa ta kowane ɓangare. Ɗalibi ɗaya yana ɗaukar darussa da yawa, darasi ɗaya kuma ɗalibai da yawa ne ke ɗaukarsa, kuma a kan takarda mutum yana iya jan layi ɗaya ya wuce abinsa. Rumbun bayanai irin wanda Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa ƙa'idojinsa a 1970 ba ya karɓar wannan sai da jadawali na uku a tsakiya. A Workbench, ina zaɓar alamar alaƙar na danna jadawalin ɗalibi sannan na darasi, sai ta ƙirƙiro na ukun da kanta, ta raɗa masa suna dalibi_has_darasi, ta ɗauko babban mabuɗin kowane ɓangare, wato ginshiƙin da ke bambanta kowane layin jadawali da sauran, ta haɗa su suka zama mabuɗinsa. Da ganin wannan akwati ya bayyana, mai koyo zai gane da kansa inda maki ya kamata ya zauna, domin maki ba siffar ɗalibi kaɗai ba ce, ba kuma ta darasi kaɗai ba, siffa ce ta haɗuwarsu. Na ƙara masa zango da shekarar karatu a cikin mabuɗin, in ba haka ba ɗalibi ba zai iya samun sakamakon Lissafi fiye da sau ɗaya ba a duk zamansa a makarantar.

Bayan an kammala zane, manhajar tana rubuta umarnin SQL, harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, wanda zai gina jadawalan, tana kuma iya aika shi kai tsaye ga sabar, wato manhajar MySQL da ke riƙe da rumbun. Haka nan tana iya yin akasin haka, wato ta karanta rumbun da wani ya gina tuntuni ta fito da zanensa, abin da ke da matuƙar amfani ga wanda aka damƙa wa aikin da ba shi ya fara ba. Ana fitar da zanen a matsayin hoto ko PDF don nuna wa masu aikin.

Abin da ya sa nake ganin wannan manhaja ta fi takwarorinta na zane zalla amfani ga mai koyo shi ne yadda take tilasta masa ya yi tunanin ma'adanar kwamfuta. Kowane ginshiƙi sai an zaɓa masa nau'i, kuma kowane nau'i yana da wurin da yake ci. A nau'o'in lambobi, TINYINT bayit 1 ne (bayit ma'aunin wuri ne a ma'adanar kwamfuta), SMALLINT 2, INT 4, BIGINT kuma 8. Makin jarrabawa ba ya wuce 100, don haka TINYINT marar alamar ragi, wanda ke ɗaukar 0 zuwa 255, ya wadatar. Wanda ya zaɓi BIGINT ya zubar da bayit 7 a kowane layi, wato kimanin megabayit 7 a layi miliyan ɗaya, a ginshiƙi guda kawai. Lambar waya kuwa tarko ce da sabon shiga yakan faɗa ciki. Lambobin Najeriya guda 11 ne kuma da sifili suke farawa, INT kuwa yana jefar da sifilin farko, abin da ya rage ma ya zarce iyakarsa ta 2,147,483,647. A matsayin rubutu ya kamata a adana ta, tunda ba wanda zai taɓa tara lambobin waya biyu ya nemi jimillarsu.

Wani zai ce megabayit 7 ba komai ba ne a zamanin da ake sayar da faifai mai terabayit. Gaskiya ne idan faifai ake magana, amma rumbun bayanai ba a kan faifai yake gudanar da aikinsa ba. Ma'adanar kwamfuta hawa-hawa ce. Akwai 'yan ƙananan ma'ajiyai a cikin ƙwaƙwalwar na'urar kanta, masu tsananin sauri da ƙarancin wuri, sai RAM, wato ma'adanar wucin gadi, sai kuma faifai, ko dai SSD ko tsohon nau'in mai juyawa. Ɗauko bayani daga RAM yana ɗaukar kimanin kashi ɗaya cikin miliyan goma na daƙiƙa, daga faifai mai juyawa kuwa kimanin kashi ɗaya cikin ɗari. Idan aka ƙaddara ɗaukowa daga RAM daƙiƙa ɗaya ce, to ta SSD za ta kai wajen rubu'in sa'a, ta faifai mai juyawa kuma ta haura kwana guda. Bambancin ya yi kama da na kayan da ɗan kasuwa ya baza a gabansa da wanda sai ya aika yaro sito. Saboda haka InnoDB, injin da MySQL ke adana bayanai da shi, yana ware wani yanki na RAM yana ajiye shafukan da aka fi nema, kowane shafi kilobayit 16. Girman yankin da ake farawa da shi megabayit 128 ne, wato shafuka 8,192. Gwargwadon ƙanƙantar layi, gwargwadon yawan layukan da shafi zai ɗauka, kuma gwargwadon raguwar aike zuwa sito.

Workbench tana nuna wannan a fili. Tana da allon da ke bayyana yadda wancan yanki na RAM ya cika da yawan karatun da ake yi daga faifai, tana kuma iya zana hanyar da sabar za ta bi ta amsa tambaya, inda take shafa wa akwati jan launi idan za a karance jadawali daga farko har ƙarshe. Na ga jan akwatin a binciken ɗalibi da sunansa, na ƙara fihirisa, wato jerin da ke saurin kai sabar ga layin da ake nema, a kan ginshiƙin suna, launin ya sauya. Shugabar makarantar ta tambaye ni makomar sakamakon da aka shigar idan aka ɗauke wuta, tunda RAM yana mance komai da zarar lantarki ya yanke. Amsar ita ce, a saitinsa na asali InnoDB yana rubuta kowane canji a wani kundi da ke kan faifai kafin ya tabbatar da shi, kuma daga wannan kundin yake farfaɗo da aikin idan na'ura ta dawo.

Akwai kuma batun da ya shafe mu kai tsaye. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba su da gurbi a tsarin haruffa na latin1, wanda shi ne MySQL ke farawa da shi har zuwa sigar 5.7. Daga sigar 8.0 ta 2018 aka koma utf8mb4, inda kowane ɗayansu ke cin bayit 2, haruffan boko na yau da kullum kuma bayit 1. Workbench tana ba da damar zaɓar tsarin haruffa ga rumbu gaba ɗaya ko ga jadawali ko ma ga ginshiƙi guda, kuma duk wanda ya gaji tsohon rumbu ya kamata ya duba wannan kafin ya shigar da sunaye irin su Ɗanladi ko Ƙasimu.

Gazawarta ma a bayyane take. Don MySQL aka gina ta, wanda zai yi aiki da PostgreSQL, wata takwarar MySQL, sai ya nemi wata. Takardun manhajar da kansu sun bayyana cewa da sabar 8.0 aka gwada ta, kuma wasu ɓangarorinta ba lallai su yi aiki da sigogin da suka biyo baya ba. Duk sabon ginshiƙin rubutu tana ba shi VARCHAR(45), wato rubutun da ba ya wuce haruffa 45, kuma mai gaggawa yakan bar shi haka ko da adireshin gida zai zuba a ciki. Fayil ɗin zanen a dunƙule yake, don haka da wuya a haɗa gyaran mutum biyu da suka yi aiki a kansa lokaci guda. Mafi girma a ganina shi ne yadda take tsallake matakin tunani, domin tana tambayar nau'in ginshiƙi tun kafin mutum ya tabbatar ko "zango" abu ne mai zaman kansa ko siffa ce kawai. Ni dai sai da na zauna da malamin da ke riƙe da rajista, muka zana akwatuna da fensir a kan takarda har sau uku kafin na buɗe manhajar. Ɗalibin da malaminsa ya nemi zanen Chen gara ya yi shi a draw.io, wadda ita ma kyauta ce kuma tana da siffofin, sannan ya kawo abin da ya zana cikin Workbench ya ga ko zai ginu.